Zuwa Ga Babana, Can Gidan Baffansa

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata ka fara sabawa da Kaduna da wurin da aka tura ka bautar ƙasa. Mu nan lafiya lau, in ban da ƙafar Innarka da ke motsawa duk sa'ad da hunturu ya kama. Na zaɓi takarda ne saboda a waya kana da wata irin "to, Baba" da kake rufe mini baki da ita, maganar da ke cina kuwa ta fi ƙarfin "to".

Ranar Laraba ƙanwarka ta nuna wa Innarku abin da ka ɗora a WhatsApp, wai "Arewa ba ta mantuwa". Ita Innarka ta ɗauka siyasa ka shiga, har tana cewa a ja maka kunne. Ni na san inda ka samo shi, a fim ɗin nan ne Game of Thrones. Washegari kuma Gwaggonka ta zo da labarin cewa Baffanka ya damƙa maka makullin ɗakin takardunsa, yana yabonka a gaban mutane, kai kuma kana ta tambayar inda aka ajiye takardun Malam, marigayi kakanka, wanda ni da Baffanka muka saɓa a kan gidansa. Da na haɗa biyun nan, daren nan ban runtsa ba.

Ka tuna kullen korona na 2020, ga yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da kai gida, ka matsa mini sai na kalli Game of Thrones tare da kai a 'yar kwamfutarka. Kashi 73, zango 8, muna ƙona man inji Innarka na mita. Ina sane da wuraren da kake saurin danna gaba kana tarin ƙarya, kuma na gode da kunyar, don akwai abin da bai kamata uba da ɗa su gani tare ba. Na yarda na zauna ne saboda ka ce mini an ɗebo labarin daga yaƙin gidan York da gidan Lancaster na Ingila, wanda na yi shekaru ina karantar da yara a allo. To na zauna, na kuma lura da kai fiye da yadda na lura da fim ɗin.

Daren da aka sare kan Ned Stark ka juyo ka ce, "Baba, kai ne wannan." Ka yi dariya, ni ma na yi, amma ta shige ni. Mutumin da ya amince wa mayaudarin bafade Petyr Baelish, ya kuma je da ƙafarsa ya gaya wa Sarauniya Cersei asirinta da ya gano don tausayin 'ya'yanta, aka saka masa da takobi. Na gane abin da kake nufi sarai. A ganinka ni wawan kirki ne, wanda aka cuta ya ce Allah ya isa ya koma gida. Kai kuma Arya, 'yar Ned ɗin, ita ce gwanarka, yarinyar da ke jero sunayen maƙiyanta kowane dare kafin ta kwanta. Lokacin da ta yanka Walder Frey a ƙarshen zango na 6 har tashi tsaye ka yi.

Bari in tuna maka laifin Walder Frey ɗin, don kamar ka manta. Shi ma fa an cuce shi. Robb Stark, babban ɗan Ned, ya yi masa alkawarin auren 'yarsa don a buɗe wa rundunarsa gada, da buƙata ta biya sai ya auri Talisa, ya bar tsoho da kunya a idon sarakuna. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta. Da a fagen fama ya tare Robb, ba mai zaginsa. Sai ya kira su bikin kawun Robb, ya sa aka miƙa musu burodi da gishiri, wanda a al'adarsu alama ce ta cewa baƙo ya shiga amana. Aka ci aka sha, aka rufe ƙofa, makaɗa suka sauya take. Har yau ina ganin hannun Catelyn, uwar Robb, tana ɗage hannun rigar Roose Bolton, ɗaya daga cikin hakiman Robb ɗin, ta tarar da sulke a ƙarƙashi. Mace mai ciki, Talisa, aka fara daɓa wa wuƙa. A kashi na gaba Bran, ƙanen Robb, ya ba da tatsuniyar kukun da aka mayar ɓera, ya ce alloli sun iya yafe masa kisan kai, abin da suka ƙi yafewa shi ne baƙonsa ya kashe a ƙarƙashin rufinsa.

Kar ka ce ai fim ne. Marubucin da kansa ya ce daga tarihin Sikotland ya ɗauko, ciki har da abin da ya faru a kwarin Glencoe ranar 13 ga Fabrairu, 1692. A can baƙin ne suka ci amanar masu gida. Sojoji ƙarƙashin Kyaftin Robert Campbell suka sauka a gidajen zuriyar MacDonald, kusan mako biyu ana dafa musu, ana ba su wurin kwana cikin tsananin sanyi. Da asuba suka tashi suka kashe mutum talatin da wani abu, waɗanda suka tsira suka fantsama cikin ƙanƙara. An yi yaƙe-yaƙen da suka ci dubbai a ƙasar nan an manta da su, wannan kuwa shekara ɗari uku da ɗoriya ana ambatonsa, saboda waɗanda suka yi shi da tuwon gidan a cikinsu suka yi.

Kai yanzu a gidan wa kake kwana? Wa ke zuba maka abinci? Matar Baffanka, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ita ke ajiye maka kwano in ka yi dare. Kana kallon kanka a matsayin Arya, ni kuwa abin da nake hangowa sojan Campbell ne yana jin ɗumi a murhun mutane yana ƙirga kwanaki. Wallahi Babana, na gwammace gidan nan na Malam ya tafi har abada da a ce ɗan da na haifa ya karɓi makulli da hannun dama yana murmushi, ya yi amfani da shi da na hagu. In ka ɗauki hoton takarda ko guda a ɗakin nan, kar ka kawo mini, ba zan duba ba. Ba a gidana ka koyi wannan ba, kuma ban aike ka ba.

Ko da yake, in zan faɗi gaskiya, wataƙila a gidana ka koya. Kana ɗan shekara goma sha biyu kana kwance a tabarma, ni da Innarka muna maimaita maganar bayan arba'in ɗin Malam dare bayan dare, muna zaton ka yi barci. Ni na zuba maka wannan ɗacin, laifina ne. Amma abin da ba ka sani ba, na taɓa zuwa har ƙofar kotu da takardu a hammata. Hajiya tana raye a lokacin, ta aiko a ce mini in na shiga da ɗan'uwana gaban alƙali kar in zo wankanta. Na tsaya a gindin darbejiya har aka kira azahar, na juyo. Kira shi tsoro in ka ga dama. Ni dai na sallaci uwata, kuma ku biyar kun yi karatu da albashin malamin makaranta, ba wanda ya kwana da yunwa.

Akwai wurin da ka yi shiru a zangon ƙarshe, ina lura. Birni na rushewa, Arya ta kusa kaiwa ga Cersei, sai abokin tafiyarta Sandor Clegane ya tsayar da ita ya ce ta dube shi da kyau, ta koma gida. Shi kuwa wansa ne ya ƙona masa fuska tun yana yaro a kan abin wasa, ya ƙare rayuwarsa kaf yana jiran rana ɗaya, da ranar ta zo tare suka faɗa wuta. Yarinyar da kake so ɗin nan ta ji magana, ta juya. Wannan wurin ba ka ɗora shi a WhatsApp ba.

Ban ce ka so Baffanka ba, ni kaina har gobe gaisuwa ce kawai tsakaninmu. In kana ganin muna da haƙƙi, ka gama bautar ƙasarka, ka fito daga gidansa, ka zo mu zauna da Gwaggonka da limamin unguwa, a kira shi a faɗa masa ido da ido. In ta kai ga lauya, yanzu Hajiya ba ta nan, zan sa hannu. Amma da rana tsaka za a yi, yana sane. In kuma zuciyarka ba za ta iya zaman gidan da gaskiya ba, ka mayar masa da makullinsa gobe, ka nemi ɗaki kusa da wurin aikinku, zan biya daga fanshona.

Innarka ta ba direban da ya kawo maka wannan takarda yaji da dakuwa da man shanu kwalba biyu. Ɗaya ta matar Baffanka ce, ka miƙa mata da hannunka. Rigar sanyinka ka bar ta a bayan ƙofa, tana cikin ledar. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, ni kaɗai, kar ka bi ta wayar Innarka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka