Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Jami'armu kan sashen lafiyar al'umma

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Farfesa.

Ni ɗalibin mastas ne a sashen kiwon lafiyar al'umma, kuma da yawun abokan karatuna nake wannan rubutu. Mun gode da sabon gini, da ɗakin gwaje-gwaje da na kwamfutoci, wallahi an yi ƙoƙari, duk wanda ya ga yadda muke cunkushewa a da dole ya yaba.

Amma ranka ya daɗe damuwarmu malamai ce. Cikin ɗan lokaci wasu manyan farfesoshinmu sun yi ritaya, wasu sun samu aiki a waje sun tafi, an canza shugaban sashe, an ɗauko sabbin lakcarori, kuma ba a zauna an miƙa aiki hannu da hannu ba. Ɗalibi ya shekara yana bincike a hannun sufabaiza ɗaya, kwamitin ɗa'ar bincike ya amince masa, ya bi gida gida ya tattara bayanai kan rigakafin yara, sai kawai ya wayi gari an ce ya koma wajen malamin da fanninsa lafiyar muhalli ne, shi kuma malamin ga tulin ɗalibai a gabansa, ya za a yi aikin nan ya kammala a kan lokaci?

Sabbin malaman ba su da laifi ko kaɗan, matasa ne masu himma, sun iya manhajojin R (ta nazarin alƙaluma) da DHIS2 (ta tattara bayanan lafiya) fiye da yadda aka koya mana a baya. Abin da ba su da shi tukuna shi ne sanayya da asibitoci da shugabannin al'umma inda ake tura mu aikin fili, wadda tsofaffin suka ɗauki shekaru suna ginawa. Fannin namu kuwa aiki ne na fita cikin jama'a. John Snow, wani likitan Ingila, a 1854 da taswira da tambayar mutane ya gano famfon ruwa na titin Broad Street ne ke yaɗa kwalara a Landan, tun ba a tabbatar da ƙwayar cutar ba. Agana ma da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sanar an kawar a 1980, bin diddigin masu cutar da yi wa na kusa da su rigakafi ne ya ƙarasa ta.

Sai maganar kayan aiki. Na'urar PCR ta gwajin ƙwayoyin halitta ba ta aiki sai da sinadarai da ƙwararren ma'aikacin lab, firizar da ke ajiye samfuri a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili kuwa in wuta ta ɗauke ta daɗe babu janareto ko sola a bayanta, aikin shekara ne zai lalace. Har yanzu ba mu ji an ware kuɗin gyara da na sinadarai ba, kuma wannan yana tsorata mu.

Roƙonmu, don Allah a riƙe farfesoshin da suka yi ritaya da kwantiragi har su yaye ɗaliban da ke hannunsu, a haɗa kowane da sabon malami su duba aiki tare. A ɗauki ma'aikatan lab kafin a ƙara sayo wata na'ura. Kuma muna so a kira zama da mu da sabon shugaban sashe kafin a fitar da jadawalin kare bincike na zangon da ke tafe.

Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya.

Naka,
Ɗalibi a sashen