Wasiƙa ga iyaye: maganar samfurin gini na 'yan aji biyu

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara,

Da fatan kuna lafiya. Na zagaya na duba gidajen kwalin da yaranmu suka kawo, kuma gaskiya ban ji daɗi ba. Akwai gidan da bangonsa ya tashi sosai, amma ƙofarsa ko yatsa ba ya shiga. Don haka na ɗage baje kolin da mako guda, a koma a gyara.

Sikelin da aka ce a yi aiki da shi 1:50 ne, wato santimita 1 a kwali tana tsaye a madadin santimita 50 a ginin gaske. Ƙofa mai tsawon mita 2 santimita 200 ke nan, a raba da 50, ta zama 4. Ɗaki mai mita 8 da mita 6 zai fito 16 da 12. Inda aka yi tuntuɓe shi ne zanen da muka raba musu a kan 1:100 yake, dole a ninka kowane awo sau biyu kafin a sa reza. Kowane awo na ce! Wasu sun ninka bango sun bar ƙofa da taga yadda suke a takarda. Kuma tunda tsawo da faɗi duk sun ninku, kwalin da zai ci ninki huɗu ne, ba biyu ba. Masu ƙorafin kwali ya ƙare, ga dalili.

A duba rular yaro ma. Gefe ɗaya inci ne, kuma inci 1 santimita 2.54 ne. Wata yarinya ta auna rabin gidanta da wannan gefe, rabi da wancan, rufin ya ƙi zama.

Iyayen da suka kai wa kafinta aikin, mun gane. Ba za a ba irin wannan aiki maki ba. Ku zauna da yaro ya yi lissafin a gabanku, hannunsa kuma ya yanka.

Malamar lissafinmu ta cancanci yabo, ita ce ke tsayawa bayan an tashi tana bin awon yara ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka mata da alheri. Da ma sauran za su yi koyi.

Makara ta sake dawowa, musamman ranar Litinin. A rubuta sunan yaro a jikin rigar wasanninsa.

Na gode,
Shugabar makaranta