A Yi Hattara da Masu Tallar Tsoffin Kuɗin Japan

Malam Edita,

Ni mai tara tsoffin takardun kuɗi ne. Kwanan baya wani yaro a babbar kasuwar Maraɗi ya yi mini tallar takardar dala goma ta Japan, mai hoton ayaba, wai jika hamsin. Haba!

Japan ta buga ta ne don Malaya (wani yanki na Malesiya ta yau) bayan ta mamaye yankin a 1942, ta yi ta bugawa ba lissafi har kuɗin suka lalace. Da ta miƙa wuya a 1945 suka zama takarda kawai. Shi ya sa har yau suke da araha. A duba harafin farko na lambar da ke jikin takardar, shi ke nuna ƙasar da aka buga ta dominta: M na Malaya, B na Burma (Myanmar ta yau), P na Filifin. Ni dai jika ɗaya na taya, ya tafi yana gunaguni.

Naka,
Mai karatu daga unguwar Zariya, Maraɗi