Wasiƙa Daga Gonar Rogo

Abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Ya zafin Damagaram? Mu nan kudu ruwa ne ba dare ba rana, takalmina bai bushe ba tun watan jiya.

Na ga tsokanar da ka yi mini, wai na yi karatu mai zurfi na ƙare a gadin furen rogo, kuma wai rogo ma yana fure? Ban ga laifinka ba. Mu da muka tashi muna sayen dafaffen rogo da garin ƙuli a ƙofar makaranta, wa ya taɓa ganin furensa? Manomi icen yake sarewa ya binne. Abin da ya fito kuwa uwar ce sak, ba ƙari ba ragi. To amma mai son sabon iri, wanda zai jure cuta ko ya fi auki a kwaki, dole ya haɗa uwa da uba, kuma sai ta fure.

Ga inda gizo yake saƙar. Rogo ba ya fure sai a wurin da ya rabu ya yi rassa. Kan tsiron ne ke juyewa ya zama fure, rassa biyu ko uku su fito ta ƙasansa. Manoma kuwa sun fi son miƙaƙƙen rogo irin TME 419, don ana iya shuka masara a tsakaninsa, icensa ma dogo ne mai daɗin yanka. Ka ga wanda aka fi so shi ne mai rowar fure. Wani sai ya kusa shekara kafin ya yi, wani ko oho. In ya yi ma, furen farko yakan zube. Matan furen suna riga mazan buɗewa da kamar mako biyu, sai ka samu amarya ta shirya ango bai ko yi wanka ba.

Akwai wata ƙwayar gado da ake kira FT. A ganye take aiki, ta haɗa wani furotin da ke bin jijiyar tsiro har can kansa ya sanar da shi lokacin fure ya yi. A 2017 masu bincike na Jami'ar Cornell ta Amurka da abokan aikinsu suka ɗauko FT daga wani ɗan ƙaramin tsiro mai suna Arabidopsis suka sa wa rogo, sai ya yi ta fure da wuri. Sai dai ƙarfin ya tafi sama, saiwar ta ragu. Ni a ganina amfanin gwajin shi ne ya nuna inda makullin yake, ba wai a kai wa manomi wannan rogon ba.

Abin da muke yi a gona ya fi haka sauƙi. A cibiyar binciken noma ta CIAT da ke Kolambiya aka nuna cewa in an kunna wa rogo jan fitila da dare, sai ya ɗauka yini ne ya yi tsawo, ya gaggauta fure. Mu kuma muna tsinke ƙananan rassan tun suna toho don abinci ya koma wa furen, mu ba shi wani maganin azurfa da ke hana shi zubewa, da wani da ke ƙara yawan matan fure. Wuri ma yana da tasiri, shi ya sa cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta daɗe tana kai aikin barbara Ubiaja a jihar Edo.

Da safe nake bi in rufe furen da zai buɗe da 'yar jakar yadi don kada zuma ta riga ni. Da tsakar rana in ɗauko namijin in goga masa a hankali, in ɗaura takarda da sunan iyaye. Ɗan da fure ɗaya ke haifarwa ba ya wuce ƙwaya 3, sau da yawa ma ɗaya ake samu, bayan jiran kusan wata 3. Kuma in ya bushe fashewa yake yi. Bara na yi sakaci ban sa wa layi guda jaka ba, na dawo na tarar da ɓawo kawai, 'ya'yan sun watse cikin ciyawa. Na yi ta tsince su a durƙushe, amma wa zai gaya mini uban kowanne? Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

A da fitar da sabon iri yakan ci shekara 8 zuwa 10. Shirin inganta irin rogo na NextGen Cassava da aka fara a 2012 ya rage wannan jira, kuma a ƙarshen 2020 aka saki iri 5 a Najeriya, cikinsu har da Game Changer da Baba-70. In Allah ya kai mu rani zan taho maka da ƙwayar rogo ka gani da idonka, kamar 'ya'yan zurma take.

Ka gaida Hajiya, ka ce ina nan tafe. A shafa mini kan yara.

Naka,
Abokinka na gonar rogo