Ranar da muka rufe ajin Turanci a Bronx

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da iyali, da Inna da jikin nata. Ni lafiya lau, sai sanyi. Disamba ta shigo da ƙarfinta, ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi, mutum ya yi la'asar kafin ya naɗe darduma magariba ta kawo kai. Saƙon kuɗin maganin Inna na tura ranar Litinin, ka duba ka sanar da ni. In za ka kira ka tuna kun riga mu da awa 6, don kiran da ka yi wancan makon ƙarfe uku na dare ya same ni.

Abin da ya sa na zauna rubutu yau, ajin Turancin nan da nake zuwa da yamma a ɗakin karatun unguwarmu, wanda ba a biyan ko sisi, shi muka rufe daren jiya. Na san zancen zai shige ka, kai da ke fama da dattawan ajin yaƙi da jahilci a Maradi.

Mu 14 ne a ajin. Akwai 'yan Jamhuriyar Dominika, su suka fi yawa, da wata tsohuwa 'yar Bangaladash, da Balaraben Yaman mai kanti, da wani ɗan Meziko mai aikin gini, da mu uku daga Afirka ta Yamma. Wata uku muna tare amma a ajin nan bakina kamar an ɗinke. Faransancin lakwal da nake taƙama da shi ya taimake ni wajen karatu, amma da an ce in yi magana sai kunya ta shaƙe ni, in ga kamar mai furfura a gemu bai kamata ya yi gwaranci a gaban mata ba.

Na je da shirin jarrabawa, har da biro biyu. Sai malama ta ce a ture tebura, yau wasa za a yi. Raina bai so ba, Yaya. Na baro aiki da wuri don a sa ni wasan yara?

Da raɗa aka fara. Aka jera mu, ta raɗa wa na farko jimla a kunne, shi ya raɗa wa na kusa, har ta kai na ƙarshe ya faɗa da ƙarfi. Jimlar tana ɗauke da "pan" da "fan", wato kasko da fanka, kuma ka san mu Hausawa da waɗannan haruffa biyu sai a hankali. A bakina fankar ta zama kasko, Balaraben da ke bina shi kuma ba shi da harafin "p" a Larabci, ya mai da shi "ban". Abin da ya fito a ƙarshe ko malama ba ta gane shi ba. Aka yi ta dariya, kuma da aka bi sawu aka tarar kowa ya zuba nasa gishirin, ba ni kaɗai ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na gaskiya biyu da ƙarya ɗaya. Kowa zai faɗi abu uku game da kansa, sauran su yi masa tambayoyi har su gano wanne ne ƙarya. Dabarar a tambayoyin take, don dole ka harhaɗa jimla da kanka, ba littafi a gabanka. Na ce na taɓa ganin raƙumin dawa a bakin hanya wajen Kure, muna tafiya Yamai. Na ce a garinmu ana soya fara da yaji a ci. Na ce matana biyu. Wallahi ba wanda ya yi shakkar matan biyu! Duk suka taru a kan farar, wai ita ce ƙarya, har tsohuwar nan tana toshe baki. Sai ɗan Meziko, wanda tun da aka fara ajin ban ji ya yi jimla uku a jere ba, ya miƙe yana rantsuwa cewa gaskiya na faɗa, su ma a Wahaka suna cin ta da lemun tsami da barkono. Muka ɓige da musun ta wa ta fi daɗi, da Turancinmu na kame-kame, sai da malama ta raba mu. Ka gaya wa maman yara da bakinka cewa kishiyar ta wasa ce, kada labarin ya je mata a karkace.

An yi na kwaikwayo kuma, a ba ka kalma a takarda ka nuna ta da jiki ba magana. Wannan bai yi mini ba. Dariya ce kawai, wanda ke tsaye ba ya koyon komai, kuma ga manya akwai zubar da girma a ciki. Wanda zan so ka gwada shi ne na kujera: mutum ya zauna ya ba allo baya, a rubuta kalma a bayansa, 'yan ƙungiyarsa su yi ta kwatanta masa ba tare da sun ambace ta ba har ya canka. Kacici-kacici ne dai irin na dandali, sai dai an juya shi. A ajinka masu kwatancen dole su karanta abin da ke allo tukuna, ka ga karatu ya shiga ba su sani ba. Fara da kalmomin kasuwa, gero, tiya, bashi.

Da aka zo ƙarshe ta ce kowa ya kawo karya harshe na yarensu. Na ba su na ƙato da kwaɗo da ƙoto. Malamar da ta yi wata uku tana gyara mini baki ta yi ta fama da "ƙ" har ta tuɓe tabarau tana share hawaye, ba ta iya ba. Ni ne na tsaya a gaban allo ina cewa ta sake, da Turanci, kuma sai da na zauna na lura ban yi in'ina ba.

An ba mu takardar shaida, kuma na rubuta sunana a aji na gaba da za a buɗe a watan Janairu. Ɗan Meziko ya ce zai kawo tasu farar ranar farko, ni kuwa ba ni da abin kare mutuncin Maradi. In ka ji mai tahowa, a soya mini ko rabin tiya ce, amma a fara tambaya ko ana barin ta ta wuce a filin jirgi, don nan suna da tsanani kan kayan abinci.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. A gaida autanmu da yaran duka.

Ƙaninka,
daga Bronx