Hannah Ryggen: a ba aikin hannunta haƙƙinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk wanda ya tashi ba da labarin Hannah Ryggen, masaƙiyar ƙasar Norway, sai ya tsaya kan siyasarta: saƙar da ta yi a 1935 kan mamayar Italiya a Habasha, har da kan Mussolini, shugaban Italiya na lokacin, soke da mashi. Haka ne, amma ana tsallake sana'ar kanta, kuma a nan ƙwarewarta take.

An haife ta a Malmö ta Sweden a 1894. Malamar makaranta ce da ta koyi zane, saƙa kuwa da kanta ta koya. A 1924 ta tare a wata 'yar gona a Ørland ta Norway, inda mijinta Hans ya ƙera mata masaƙa. Ita ke kaɗa gashin tumaki, ita ke rina shi da ganyaye da ɓawon itatuwa.

Shuɗinta da ya yi suna daga shuni da tsohon fitsari yake fitowa. Shuni ba ya narkewa a ruwa sai an samu ƙarfin toka, an kuma rage iskar cikin ruwan. Marinan Ƙofar Mata da toka suke samun wannan, ita kuwa fitsarin da ya ruɓa ne ke yi mata. Tukunyar na son ɗumi kamar na jikin mutum. In ta huce, ruɓar ta tsaya. In zafi ya yi yawa, ƙananan ƙwayoyin halittar da ke kawo ruɓar su mutu. In aka juya da ƙarfi, iska ta shiga, rini ya ƙi kamawa. Zaren yakan fito kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi.

Saƙar ma ba ta yafiya. Zaren kwance ne ke rufe na tsaye gaba ɗaya, kowane launi da ɗan ƙullin zarensa. Ka ja shi da ƙarfi, gefe ya tsuke. Ga shi ana naɗe abin da aka gama, masaƙiya ba ta ganin hoton duka, kuma Ryggen ba ta ɗora cikakken zane a bayan zare yadda aka saba.

A 1964 ta wakilci Norway a baje kolin ayyukan fasaha na Venice ta Italiya, ta rasu a Trondheim a 1970. Saƙarta ta 1958 da aka rataye a ginin gwamnati a Oslo ta yage a harin bam na 22 ga Yuli 2011, an gyara ta, tabon na nan.

Wassalam,
Wasu masu sana'ar saƙa da rini, Kano