Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Mafi yawan aikin da ƙungiyarmu ta yi a bana a nan Jos shi ne ɗora Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, a kwamfutocin waɗanda ke barin Windows. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, wadda da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa ke saya a Terminus ba su da ita.

Kwamitin zartarwa ya tsayar da shawara a kan nau'in Linux da ake kira Linux Mint 22, wadda aka gina a kan wani nau'in, Ubuntu 24.04, kuma za ta ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro har zuwa 2029. Masu kwamfuta mai ƙarfi mun ɗora musu fuskar Cinnamon, saboda tsarinta bai yi nisa da abin da suka saba gani ba, masu tsofaffi kuwa fuskar Xfce mara nauyi. Saboda tsadar data, sau ɗaya muke sauke manhajar, sannan mu raba ta a filashi.

Ɗorawar kanta ba ta da wuya. Abin da ke hana mutum komawa Windows shi ne shirin da aka yi masa kafin ɗorawar da kuma bayanta. Don haka ba ma taɓa kwamfutar kowa sai an kwashe takardunsa da hotunansa zuwa wani ma'aji, an kuma gwada Wi-Fi da firinta daga filashin tukuna. Bayan ɗorawa mukan kunna Timeshift, manhajar da ke adana kwafin tsarin kwamfuta domin a mayar da shi idan ya lalace, mu nuna yadda LibreOffice ke buɗe takardun Word da Excel, mu kuma ƙara allon rubutun Hausa na Najeriya domin samun ɓ, ɗ da ƙ, abin da malaman makaranta suka fi yabawa.

Inda aikin ya cije shi ne wajen masu shagunan buga takardu da katin biki, domin CorelDRAW, manhajar zanen da suke aiki da ita, ba ta da nau'in Linux, kuma ba a ƙware a madadinta, Inkscape, cikin mako guda. A ganin kwamiti, matsa musu lamba ba daidai ba ne, shi ya sa muka bar musu Windows a gefe, suna zaɓar wadda suke so yayin kunnawa.

A shekara mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu buɗe ajin Inkscape dominsu, kuma ana roƙon duk mamban da ya iya ta ya ba da sunansa a zama na gaba.

Sakataren ƙungiya